Kafin a Buɗe Ƙofar Intanet ɗin Gida

  

Yau za mu taɓa batun kwamfuta da intanet ɗin gida. Na san wata za ta ce, wannan ai zancen maza ne, ko na yaranmu 'yan boko. To, ki ɗan dakata tukuna, kada ki murɗa akwatin. Gidaje da yawa yanzu akwai wannan ƙaramar na'ura mai ƙyafta fitilu da ke raba Wi-Fi, wadda ake kira rauta. Wasu gidajen an kafa kyamarorin tsaro. Wasu akwai kwamfutar da uwargida ke ajiye lissafin sana'arta, ko hotunan biki da na suna, ko takardun makarantar yara. Wata rana maigida zai yi tafiya Legas ko Abuja, ya ce yana so ya riƙa duba kyamarar gida daga can. Ko 'yarki tana jami'a ta ce tana son ɗauko wani aiki da ta bari a kwamfutar gida. Ko ke kanki kin tafi ganin gida na sati biyu, kina son duba waɗanda kike bi bashin atamfa. Sai a kira mai haɗawa, ya ce ai abu ne mai sauƙi, ƙofa kawai za a buɗe a rauta. Masu wannan aiki suna ce masa fot fowadin. Wannan ƙofa ita ce maganarmu ta yau, domin ke ce mai zaman gidan, kuma duk abin da ƙofar za ta nuna wa na waje, ke da 'ya'yanki ne a cikinsa.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Duk na'urar da ke hulɗa da intanet sai tana da adireshi, wato wasu lambobi da ake kira adireshin IP. Tsohon tsarin waɗannan lambobi, wanda har yanzu ake amfani da shi sosai, adireshi kimanin biliyan 4.3 kawai yake iya bayarwa, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8, ga shi mutum ɗaya yana da waya biyu da kwamfuta. A watan Fabrairu na 2011 ma hukumar da ke rabon waɗannan lambobi a duniya ta raba ragowar da ke babban rumbunta. Dabarar da ake amfani da ita tun kafin lokacin ita ce, a ba gida ɗaya adireshi ɗaya tak wanda duniya ta sani, shi ne na rauta. Wayoyi da kwamfutoci da kyamarorin da ke cikin gidan kuma rauta ce ke ba kowannensu lambar cikin gida, yawanci mai farawa da 192.168. Wannan lamba ba ta da amfani a waje. Gidan maƙwabciyarki ma irinta suke da ita, kamar yadda kowane gida ke da ɗakin uwargida da ɗakin amarya.

Ki ɗauki rauta a matsayin zaure, da dattijo zaune a cikinsa. Idan kika aiki yaro ya sayo miki gishiri, dattijon ya ga fitarsa, ya san daga ɗakinki ya fito, idan ya dawo sai ya bar shi ya wuce wurinki. Haka yake idan kika buɗe WhatsApp ko kika nemi wani shafi: wayarki ce ta yi aike, rauta ta rubuta, amsa ta dawo ta miƙo miki. Amma idan baƙo ya zo daga waje, ba wanda ya aika a kira shi, dattijon bai san ɗakin da zai kai shi ba, a zaure zai tsaya ya juya. Wannan shi ya sa maigida yana Legas ba zai iya faɗowa cikin kwamfutar gida haka kawai ba. Kuma wannan shi ne yake tare dubban ɓata-gari da ke ƙwanƙwasa adireshin gidanku dare da rana ba ki ma sani ba.

To ina zancen ƙofa ya shigo? Kowane adireshi yana da ƙofofi masu lamba, daga 0 zuwa 65535. Ba ƙofofin katako ba ne, lambobi ne da ke bambance aiki da aiki. Shafukan intanet suna bi ta 80 da 443. Manhajar Remote Desktop ta Windows, wadda ke ba mutum damar ganin fuskar kwamfutarsa daga nesa yana sarrafa ta kamar yana gabanta, tana sauraro a 3389. Wata mai irin wannan aiki, VNC, tana 5900. Masu kwamfutar Linux suna shiga ta 22. Hoton kyamarori da yawa yana fita ta 554. Fot fowadin shi ne a je wurin dattijon zaure a ce masa, daga yau duk wanda ya zo ya ambaci lamba 3389, kada ka tambaye shi komai, wuce da shi ɗakin da kwamfuta take. Ki lura da kalmar nan, duk wanda ya zo. Rauta ba ta san fuskar maigida ba, ba ta san muryar 'yarki ba. Lamba kawai ta sani. Da zarar an kafa wannan umarni, abin da ya rage tsakanin baƙo da cikin kwamfutarki shi ne kalmar sirri, da kuma ƙarfin manhajar da ke sauraro a bayan ƙofar.

Yana da kyau ki san matakan da mai haɗawa yake bi, ko da ba ke za ki yi da hannunki ba. Da farko zai buɗe shafin rauta, ta hanyar rubuta lambarta ta cikin gida, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu ƙananan rautoci masu layin waya kuma 192.168.8.1. Zai sa suna da kalmar sirrin shafin, wadda daban take da ta Wi-Fi. Na biyu, zai tsayar wa kwamfutar lamba ɗaya da ba ta canzawa, domin rauta takan sake rabon lambobin cikin gida, musamman a wurinmu da ake yawan ɗauke wuta. Idan bai yi haka ba, gobe lambar kwamfuta ta koma kan wayar wani yaro, ƙofar ta daina kai wa inda aka nufa. Na uku, zai rubuta umarnin kansa: lambar ƙofar waje, lambar kwamfutar cikin gida, da lambar ƙofar da take sauraro. Na huɗu, tunda adireshin waje na gida yakan canza daga lokaci zuwa lokaci, zai haɗa shi da wani suna da ke bin adireshin duk inda ya koma, ana kiran wannan tsari DDNS. Daga ƙarshe sai gwaji, kuma gwajin gaskiya daga waje ake yin sa, a kashe Wi-Fi a waya a kunna datar layi. Ki kuma sani dole kwamfutar ta kasance a kunne ba ta yi barci ba, rauta ma a kunne. In babu sola ko inbata, ranar da aka ɗauke wuta babu shiga. Sannan Windows nau'in Home ba ya karɓar baƙo ta Remote Desktop, sai nau'in Pro da na sama da shi.

Akwai wani abu da ke sa mutane asarar kuɗi a banza, gara in faɗe shi tun yanzu. Mafi yawan intanet ɗin da ke zuwa ta layin waya, irin rautar da ake sa wa sim, kamfani ba ya ba kowane gida nasa adireshin waje. Gidaje masu yawa ake haɗawa a bayan adireshi ɗaya, ana kiran tsarin CGNAT. Kamar gidan haya ne a cikin babbar haraba mai get ɗaya, wanda mabuɗinsa ke hannun kamfani. Ko kin buɗe taki ƙofar, baƙo ba zai wuce get ɗin ba. Ko Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a 2023, tsarinsa na gidaje haka yake. Ana gane wannan idan aka duba adireshin wajen da rauta ke nunawa a shafinta, aka ga ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127. In haka ne, fot fowadin ba zai yi aiki ba, sai dai a nemi adireshi na musamman daga kamfanin, wanda yawanci biya ake yi, ko a bi wata hanyar da zan zo kanta. Saboda haka a duba wannan kafin a ba mai haɗawa kuɗin aiki.

Yanzu mu zo kan haɗarin. Wata za ta ce, mu su wa, wa ya san da zamanmu a wannan lungu da zai nemi gidanmu? 'Yar'uwa, ba sai an san ki ba. Ba mutum ne ke zama yana zaɓen gida ba, manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙofofi. A 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fito da wata manhaja mai suna ZMap, wadda ke iya zagaye dukkan adireshin tsohon tsarin nan ta duba ƙofa ɗaya a kowanne cikin ƙasa da awa guda. Akwai ma shafi mai suna Shodan da ke aiki tun 2009, wanda aikinsa tattara jerin na'urorin da ƙofarsu ke buɗe. Masu tsaro suna amfani da shi don gyara, ɓata-gari ma suna leƙawa. Ƙofar da aka buɗe da safe, ba a daɗewa ake fara ƙwanƙwasa ta.

Ga abubuwan da suka faru a zahiri. A 2014 jaridun duniya suka ba da labarin wani shafi da ke nuna hoton kyamarori sama da 70,000 kai tsaye daga ƙasashe daban-daban. Akwai na shaguna da ofisoshi, akwai na falo, akwai na ɗakin barcin jarirai. Masu shafin ba su fasa komai ba. Masu kyamarorin ne suka bar kalmar sirrin da aka sayo na'urar da ita, irin su admin da 12345. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi kyamarori da rautocin gidaje tana gwada suna da kalmar sirri kimanin 60 da kamfanoni suka saba sawa, ta kame dubban ɗaruruwan na'urori. A ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da irin waɗannan na'urori aka kai hari kan kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da yawa a Amurka. Masu na'urorin suna zaune a gidajensu ba su san da su ake yaƙin ba. A watan Mayu na 2019 aka gano wata ɓaraka a Remote Desktop na tsofaffin Windows, aka sa mata suna BlueKeep, wadda ke iya ba mai kutse damar shiga ba tare da kalmar sirri ba sam. Abin ya kai Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP, wanda ta daina kula da shi tun 2014. Matsalar kalmar sirrin kamfani ta yi yawa har Birtaniya ta fara aiki da doka a watan Afrilu na 2024 da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri guda ga kowa. Amma na'urorin da ke kasuwanninmu daga wurare daban-daban suke zuwa, tsofaffi da sababbi, don haka kula ta rage gare mu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ki kawo wannan cikin gidanki ki auna. Tsakar gida ita ce wurin da mace ke sakewa. Nan kike wanki da ɗaurin ƙirji, nan ake yi wa 'yan mata kitso, nan ake yi wa yara wanka. Gidan da baƙon namiji ba ya wuce zaurensa, yaya za a ce ido daga wata ƙasa yana kallon tsakarsa? Haka kwamfuta: akwai hotunan da don 'yan gida kawai aka ɗauka, akwai takardun banki, akwai lambobin wayar matan da ke sayen kayanki. Wanda ya shigo ta 3389 yana iya kwashe su, yana iya kulle su ya ce sai an biya shi kuɗi kafin ya saki. Wannan hanya tana cikin manyan hanyoyin da masu kulle kwamfuta don neman fansa suke bi.

To mene ne abin yi? Ba cewa nake a hana maigida duba gidansa ba, ko a hana yarinya karatunta. Buƙata ce ta gaskiya, kuma akwai hanyoyin biyan ta da suka fi tsaro. Hanya ta farko ita ce manhajojin da ba sa buƙatar a buɗe ƙofa ko ɗaya, irin su Chrome Remote Desktop da Tailscale. Su dabararsu ita ce kwamfutar gida ce ke yin aiken zuwa waje, wayar mai tafiya ma ta yi nata, su haɗu bayan an tantance asusun mai su. Tunda daga ciki aiken ya fita, dattijon zaure ya san da shi, kuma suna aiki ko a kan layin da kamfani ya haɗa gidaje a adireshi ɗaya. Hanya ta biyu, ga mai rautar da ke iyawa kuma mai adireshin kansa, ita ce VPN na gida, misali WireGuard. Nan ƙofa ɗaya ake buɗewa, kuma ba ta amsa wa kowa sai na'urar da ke riƙe da mabuɗin da aka ba ta. Wanda ya wuce ta ne kaɗai zai ga kwamfuta ko kyamara. Idan kuwa fayil kawai ake so, a ɗora shi a Google Drive ko makamancinsa kafin tafiya, ba sai an taɓa rauta ba ma.

Sai dai in ja kunne kan manhajojin nesa irin su AnyDesk da TeamViewer. Manhajoji ne na halal, amma 'yan damfara sun mayar da su makami. Wani zai kira ki ya ce daga banki yake ko daga kamfanin waya, ki sauke manhaja kaza ki karanto masa lambar da ta fito. Kina karantowa kin miƙa masa wayarki ko kwamfutarki. Duk wanda ya kira ki da irin wannan magana, ki kashe wayar, ki sanar da maigida ko wani babba a gida.

Kyamarorin zamani da yawa ma ba sa buƙatar fot fowadin, da manhajar kamfaninsu ake kallonsu a waya. A nan abin lura shi ne asusun. Da sunan wa aka buɗe shi, da lambar wayar wa? Idan a wayar mai haɗawa aka fara gwadawa, an cire shi bayan ya gama? Ba zargin kowa ake yi ba, akwai masu amana da yawa a cikinsu. Amma ko kafinta ya sa miki sabon kwaɗo, ai duka 'ya'yan mabuɗin kike karɓa.

Da yake yawancinmu ba mu za mu tsaya da mai haɗawa ba, ga tambayoyin da za ki ba maigida ko babban ɗanki ya yi masa. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce, Alhaji, ko Baban wane, don Allah in mai gyaran nan ya zo a tambayar mana waɗannan abubuwa. Na ɗaya, dole ne sai an buɗe ƙofa, ko akwai hanyar da ba sai an buɗe ba? Na biyu, in dole ne, wace lamba aka buɗe, kuma wace na'ura take kaiwa? A rubuta a takarda a ajiye. Na uku, an canza kalmar sirrin rauta, da ta kyamara, da ta kwamfuta? Mai gida ne zai sa sabuwa da hannunsa bayan mai aiki ya tafi, doguwa, haruffa 12 ko fiye, ba sunan yaro ba, ba lambar waya ba, ba shekarar haihuwa ba, kuma kowace na'ura da tata. Na huɗu, an kashe UPnP? Wannan wani tsari ne a rauta da ke ba na'urori damar buɗe wa kansu ƙofa ba tare da sun tambayi kowa ba. Na biyar, kada a sa kwamfuta ko kyamara a abin da ake kira DMZ, domin shi duka ƙofofin yake juyawa kan na'ura ɗaya. Wasu masu gaggawa sukan yi haka don aiki ya yi sauri. Na shida, ana sabunta manhajar rauta da ta kwamfuta? Microsoft ta kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka tsohuwar kwamfutar da ba ta samun gyara ba a buɗe mata ƙofa. Idan mai haɗawa ya ce ai ya canza lambar daga 3389 zuwa wata don kada a gane, a ce masa an gode, amma wannan rage ƙwanƙwasa kawai yake yi, masu bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya za su iske ta. Na bakwai, in tafiya ta ƙare ko buƙata ta wuce, a koma shafin rauta a goge umarnin. Ƙofofi da yawa don sati ɗaya aka buɗe su, suka shekara a buɗe saboda mantuwa.

Akwai kuma abin da ke hannunki ke kanki, wanda ba ya buƙatar sanin kwamfuta. Ki san inda kowace kyamara take a gidan, da inda ta fuskanta. Wurin kyamara shi ne ƙofar gida, da zaure, da katanga, da wurin ajiye mota. A zauna a yi shawara cikin mutunci kafin a juya ta tsakar gida, ɗakin kwana da banɗaki kuwa ba a ma kawo zancensu. Matan gida duka, har da mai taya aiki da baƙin da ke zuwa, suna da haƙƙin sanin akwai kyamara, da sanin su wa ke iya kallonta. Wasu kyamarorin har murya suke ɗauka, a tambaya. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuma, in ba a amfani da ita a rufe murfinta, ko a manna ɗan tef a kan idon kyamararta. Idan kika ga kibiyar kwamfuta tana motsi ita kaɗai, ko kyamara mai juyawa ta juya ba wanda ya taɓa ta, ki zare wayar rauta daga wuta nan take, sannan a nemi wanda zai duba, a canza kalmomin sirri duka. Rigakafi dai ya fi magani.

'Yan'uwa, lokaci ya ƙure mana. Wadda ba ta samu rubuta tambayoyin nan bakwai ba, ta riƙe uku: wace ƙofa aka buɗe, wa ke riƙe da kalmar sirri, yaushe za a rufe. Ki kuma isar wa maƙwabciyarki da ba ta samu saurare ba, musamman wadda aka sa wa kyamara kwanan nan.